Wa Zai Ɗaure Mana Kayan? Muhawara Kan Manhajar Kwaikwayon Sinadaran Rai

Manomin da ya shuka dawa a Karfi bayan ruwan shuka ya san abin da littafin aji bai cika faɗa ba. Iri ɗaya ne daga buhu ɗaya, rana ɗaya aka binne shi, rami kusa da rami, amma wani ya tsiro a kwana uku, wani sai a na biyar, wani kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Akan ɗora laifin a kan zurfin rami, ko gara, ko tsuntsu, ko gefen gonar da ya fi riƙe ruwa, kuma sau da yawa haka ɗin ne. Sai dai ko an kawar da duk waɗannan, an jera irin da gadonsa ɗaya sak a faranti ɗaya cikin ɗakin bincike, bambancin yana nan daram. A 2021 masu bincike a ɗakin gwaje-gwajen Sainsbury na Jami'ar Kambirij, cikinsu har da Ottoline Leyser da James Locke, suka bi diddigin wannan al'amari a ɗan tsiron da ake kira Arabidopsis, suka fayyace shi da lissafi: sinadarai biyu ne ke ja-in-ja a cikin ƙwayar iri, ɗaya na cewa a ci gaba da barci, ɗaya na cewa a farka, kuma 'yar hawa da saukar da ake samu wajen yawansu ce ke sa wani ya riga wani. Manhajar da ake irin wannan lissafi da ita ce abin muhawararmu, musamman kiran da ake yi cewa a ƙunshe ta, a sa ta cikin manyan rumbunan manhaja na kyauta irin na Debian, yadda ɗalibi a Dutsinma ko Samaru zai ɗora ta a kwamfutarsa da layi ɗaya. A ganina kiran yana kan hanya, amma masu sukarsa na da hujjojin da ba a ture su da zafin kai, kuma ɗaya daga cikinsu ta isa ta sauya yadda ake yin kiran gaba ɗaya.

Kimiyyar sinadarai da ake koyarwa a sakandare ta ginu ne a kan taron jama'a. A cikin giram 18 na ruwa, ɗan abin da ya ɗara cokalin miya, akwai ƙwayoyin sinadari da yawansu ya kai 6 da sifili 23 a bayanta. Inda yawa ya kai haka, sa'a ba ta da ta cewa. Jinkirin wannan ƙwaya gaggawar waccan ta cike shi, lissafi ɗaya ya ba da amsa ɗaya kullum. Dillalin hatsi a kasuwar Dandume na iya ƙiyasta buhunan masarar da za su shigo ranar kasuwa da kaka bai yi nisa da gaskiya ba, domin masu kawowa ɗaruruwa ne. Mai shago a ƙaramin ƙauye, wanda masu sayen batir a wurinsa ba su wuce biyar a mako ba, ba shi da wannan gata: yau uku, gobe babu, jibi ɗaya. To, cikin ƙwayar halitta shagon ƙauye ne. A jikin bakteriyar E. coli, furotin ɗin da ke gadin ƙofar amfani da sukarin madara kwafinsa kusan 10 ne kacal. A 2002 Michael Elowitz da abokan aikinsa suka sa wa wannan bakteriya furotin biyu masu ƙyalli, launi daban-daban, ƙarƙashin umarni iri ɗaya. Da lissafin matsakaici ne ke mulki, da kowace ƙwaya ta fito da gaurayen launi ɗaya. Sai ga faranti ya fito dabbare-dabbare. Tun 1944 ma likitan nan ɗan Ayilan, Joseph Bigger, ya lura cewa fenisilin ba ya gamawa da ƙwayoyin cuta kaf, akwai 'yan tsirarun da ke lafewa har magani ya wuce, kuma a 2004 Nathalie Balaban da tawagarta suka nuna cewa wasunsu kan shiga wannan lafewa ne haka kawai, tun kafin maganin ya iso. Wanda ya taɓa ganin ciwo ya dawo bayan an sha magani zai gane cewa maganar ba ta masu hutu ba ce.

Hanyar kwaikwayon wannan hali a kwamfuta ta fito ne daga hannun Daniel Gillespie, masanin fiziks a wata cibiyar binciken sojan ruwan Amurka da ke China Lake a Kalifoniya, cikin muƙalu biyu na 1976 da 1977. Sauƙinta har ban mamaki yake ba mutum. A ce abu biyu ne kawai ke iya faruwa a cikin ƙwaya: a ƙera furotin, wanda ƙarfin yiwuwarsa 3 ne a minti, ko wani da aka riga aka ƙera ya ruɓe, wanda ƙarfinsa 1 ne. Kwamfuta za ta jefa ƙuri'a biyu. Ta farko ta faɗi tsawon jiran da za a yi kafin wani abu ya faru. Tunda jimlar 4 ce, jiran kan zo wajen rubu'in minti, amma wani lokaci ƙiftawar ido ne, wani lokaci ya ja. Ta biyu kuma kamar a zuba farin wake uku da ja ɗaya a ƙwarya ne, a rufe ido a zaro guda: fari, an ƙera, ja, an ruɓe. Sai a gyara ƙidaya, a sake auna ƙarfin kowanne, a sake jefawa, sau miliyoyi. A maimaita tafiyar gaba ɗaya sau dubu, sai a ga labarai dubu mabambanta, daga nan a san wanne ne ya zama ruwan dare, wanne ne kuma sai an dace. Aibinta ɗaya, cin lokaci, shi ya sa Michael Gibson da Jehoshua Bruck suka fito da gajeriyar hanya a 2000, shi Gillespie kansa kuma ya kawo dabarar tsallake a 2001, wadda ke haɗa faruwa da yawa a taki ɗaya. A kan waɗannan aka gina StochKit da GillesPy2 na tawagar Linda Petzold a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara, da StochPy daga Amsterdam, da COPASI ta Pedro Mendes da Ursula Kummer, ga kuma SBML, tsarin rubutu na bai ɗaya da ke ba su damar karanta aikin juna.

Duk waɗannan a buɗe suke, kowa na iya ɗaukar rubutunsu na asali, ya karanta, ya gyara, ya raba. Mai karatu zai ce, to me kuma ake roƙo? Mutanen Funtuwa da Malumfashi sun fi kowa sanin amsar, domin sun san tazarar da ke tsakanin audugar da ke gona da wadda aka gurza aka ɗaure. Ta gona ma auduga ce, amma masaƙa ba ta karɓarta sai an raba ta da angurya, an tantance, an matse, an buga mata lamba. Rubutun asali na manhaja haka yake. Ɗalibi ya sauke shi, ya ba kwamfuta umarnin harhaɗawa, sai allo ya cika da jan rubutu: wani ɗan rakiya da manhajar ke dogaro da shi babu shi, ya nemo shi, aka ce sigar ta yi sabuwa, ya nemo tsohuwa, ita kuma ta ƙi zama da injin harhaɗawar da ke kwamfutarsa. Mako ya tafi, data ta ƙare, ko ƙuri'a ɗaya ba a jefa ba. Mai ƙunsawa shi ne wanda ya sha wannan wahala sau ɗaya a madadin kowa. A tsarin Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, yakan rubuta jerin 'yan rakiyar, ya bi fayil bayan fayil yana tabbatar da lasisin kowanne, ya rubuta ƙa'idar ginawa, ya miƙa wa wani gogagge ya duba ya tura, sannan masu tsaron rumbu su sake tacewa kafin a buɗe ƙofa. Rumbun ya haura ƙunshi 60,000, kuma daga cikinsa Ubuntu ke ɗiba. Akwai ma reshe na musamman ga manhajojin lafiya da ilimin halitta, Debian Med, wanda Bajamushen nan Andreas Tille ya fara a 2002. Duk wanda yake son a ƙunsa wata manhaja yana iya shigar da takardar roƙo, wadda suke kira RFP. Wanda ya yi niyyar yin aikin da kansa kuma ya shigar da takardar niyya, wato ITP.

Hujjar farko ta masu goyon baya ba a ɗakin bincike take ba, a kan hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi take. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda ta'asar 'yan bindiga, cikinsu har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Dutsinma, inda jami'ar tarayya take, aka shafe watanni sai mutum ya hau mota zuwa wani gari kafin ya buga waya. Duk manhajar da ke zaune a intanet, ko wadda sai ta leƙa gidan masu ita ta tabbatar da lasisi kafin ta buɗe, ta zama kwalliya a wannan lokaci. Rumbun Debian kuwa ana iya kwafe shi a faifai ɗaya, a ajiye a ofishin shugaban sashe, kwamfuta hamsin su sha daga gare shi ba tare da an ƙona data ko ta sisi ba. Ko da lafiya lau ma lissafin bai sauya ba sosai. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Dala kuma, wadda ke wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta haura 1,500 a farkon 2024, alhali manhajojin kuɗi irin su MATLAB da kayan aikinta na SimBiology da kuɗin waje ake biyansu. Abin da ya biyo baya kowa ya sani, ko da ba a faɗa a taron majalisar jami'a: kwafin sata, mai ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta, wanda ba a iya ambatonsa a muƙala ba tare da jin kunya ba.

Hujja ta biyu tarihi ne, kuma ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da binciken zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, a jihar Jigawa ta yau. Aka yi feshi, aka raba magani, aka ɗebi jinin dubban mutane akai-akai, kuma daga nan Klaus Dietz da Louis Molineaux da abokin aikinsu suka fitar da shahararren lissafin yaɗuwar cutar a 1974. Har gobe alƙaluman Garki na cikin waɗanda ake daidaita manyan manhajojin kwaikwayon zazzaɓi da su, irin su OpenMalaria ta cibiyar Basel a Siwizalan. A nan gida ma, cikin shekarun 1970, makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful da Jami'ar Ahmadu Bello sun yi dogon bincike a ƙasar Malumfashi kan tsargiya da saran maciji da wasu cututtuka, aka buga jerin muƙalu masu ɗauke da sunan garin. Ba na zargin kowa da ƙwace. Aiki ne mai amfani, kuma amfanin ya dawo mana ta hanyoyi da dama. Abin lura dai shi ne rabon aikin: jini da fitsari da ƙafar da ta taka ƙauyuka namu ne, injin lissafin kuwa yana wata nahiya. A wancan zamani babu makawa, kwamfuta ɗaki guda take cikawa. Yau da kwamfutar cinya ta hannu na iya jefa ƙuri'ar Gillespie miliyan kafin shayi ya huce, idan rabon aikin bai sauya ba saboda manhaja ta ƙi ɗoruwa, wannan abin takaici ne ƙwarai.

Masu suka sukan fara da tambayar da ta fi saurin zuwa baki: ina ruwan manomin Karfi da wannan? Mutumin da ke lissafin kuɗin buhun taki, yana fargabar zuwa gonar da ta yi nisa da gari, me kwaikwayon furotin zai tsinana masa? Tambayar na da nauyi, kuma duk wanda ya ce manhaja za ta cika rumbu bana ya yi ƙarya. Amma a duba ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, da ke cinye dawa da masara tun yana ƙarƙashin ƙasa. Tsiro ɗaya na zubar da iri dubbai masu kama da ƙura, su kwanta a ƙasa shekara goma ko fiye, ba sa farkawa sai sun shaƙi wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa. A 1966 aka fara tace wannan sinadari, kuma daga saiwar auduga aka samo shi, wadda ke tayar da irin ƙuduji amma ba ta shayar da shi, sai ya tsiro ya mutu. Juyen auduga ko waken soya da hatsi da ake yi a wannan yanki kenan a yaren kimiyya. A 2015 aka gano furotin ɗin da irin ke jin ƙamshin da su, aka kuma ga cewa wasunsu na amsawa ga ɗan mitsitsin adadi, daidai fagen da sa'a ke da ta cewa. Me ya sa wani kaso ke tashi bana, wani ya jira baɗi? Nawa za a zuba na sinadarin yaudara kafin mafi yawa su tashi su mutu? Tambayoyin gonarmu ne, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro tun 1922, ba ta da nisa da mu. Wanda ya ce a jira sai an gama da yunwa kafin a taɓa irin wannan ilimi ya manta cewa irin shuka na SAMMAZ da SAMSORG da ake rububinsu a yau ma sun fito ne daga aikin da a lokacinsa ya yi kama da ɓata lokaci.

Suka ta biyu ta fi wannan kaifi, kuma daga bakin masana take fitowa. Lissafin Gillespie ba ya ƙirƙiro lambobin 3 da 1 ɗin nan, ba shi ake yi. Auno su kuwa sai da madubin ƙyalli mai tsada, da sinadaran da ke buƙatar firiji mai sanyi ba yankewa, da wutar da ba ta ɗaukewa tsakiyar gwaji. Inda babu waɗannan, in ji masu sukar, sauƙaƙa manhaja zai haifar da ambaliyar kundayen digiri masu kyawawan zane, lambobinsu an kwafo daga bakteriyar da aka auna a Turai, an liƙa wa tsiron da ba a taɓa aunawa ba. Wannan gaskiya ce, kuma an riga an ga irinta a wasu fannonin, inda manhajar kyauta ta sa kowa ya zama mai gano magani a kan allo ba tare da ya taɓa kwalbar gwaji ba. Na yarda da rabin hujjar. Inda na rabu da ita shi ne maganin da take nunawa. Wahalar ɗora manhaja ba ta tace nagari daga ragwaye, tana tace mai data da janareta ne daga wanda ba shi da su. Kuma kwaikwayo na da wani amfani da aka fi buƙata inda kuɗi ya yi ƙaranci: yana nuna wace lamba ce sakamako ya rataya a kanta, wacce kuma ko an ninka ta ba abin da zai motsa, sai a kashe ɗan abin da ake da shi wajen auna ta farko. Tace kundin banza aikin malami mai duba ne da mai jarrabawa daga waje. Jan rubutu a allo ba zai yi musu shi ba.

Sai 'yan zamani, masu cewa roƙon ya tsufa. Yau da umarnin pip ana ɗora GillesPy2 ko StochPy, akwai rumbun Bioconda, akwai Docker mai kawo manhaja da duk kayan ɗakinta. Debian kuwa kusan duk shekara biyu take fitar da tabbatacciyar siga, ta 12 a 2023, ta 13 a 2025, don haka abin da ke ciki kan kasance a baya. Wasu ma sukan ƙara da cewa lissafin bai wuce layi talatin ba, ɗalibi ya rubuta abinsa. Wannan na ƙarshe ina goyon bayansa a aji, domin wanda bai taɓa rubuta shi da hannunsa ba bai gama fahimtarsa ba. Amma bincike na buƙatar abin da idanu da yawa suka bi, tunda kuskure a lissafin ƙuri'a ba ya ihu, yakan ɓuya cikin hawa da saukar da dama ake sa ran gani. Game da pip da Docker kuwa, an gina su ne da zaton intanet kamar iska take. Hoton Docker ɗaya na iya cin ɗaruruwan megabait, kuma abin da pip ya kawo yau ba lalle ya zama shi zai kawo baɗi ba, sai in mutum ya san dabarar ɗaure sigogi. Tsufan da ake gorantawa Debian shi ne abin da malami ke so: ajin bana da na baɗi su sami amsa iri ɗaya daga umarni iri ɗaya. Duk da haka ba zan ce a yi watsi da sauran ba. Mai binciken da ke bin sabon abu ya bi Bioconda. Ɗakin kwamfutar ɗalibai ne ke buƙatar ƙunshin da ba ya motsi.

Sukar da ta fi ƙarfina ita ce ta huɗu, kuma a nan ne nake ganin masu kira ya kamata su sunkuyar da kai. Roƙo kyauta ne, ƙunsawa kuwa gumi ne, kuma ba na rana ɗaya ba. Takardun roƙon da ke jibge a Debian dubbai ne, wasu sun shekara goma ba wanda ya ɗaga, ga kuma ɗaruruwan ƙunshin da masu kula da su suka gaji suka ajiye, ana kiransu marayu. Manhajar jami'a na da wata cuta ta daban: ɗalibin digiri na uku ya rubuta, ya kammala, tallafi ya ƙare, ta zauna ba mai taɓawa. Da aka daina kula da Python 2 a farkon 2020, manhajojin kimiyya da yawa sun bi shi kabari, kuma masu ƙunsawa ne suka kwana suna ɗinki ko jana'iza. Wanda ya roƙi a ƙunsa manhajar da masu ita suka bari ya roƙi wani baƙo ya ɗauki rainon ta har abada ne. Abin da ya faru da xz a Maris na 2024 ya nuna inda gajiyar 'yan sa-kai ke kaiwa: ƙaramar manhajar matse fayil da duniya ta dogara da ita, mutum ɗaya ke riƙe da ita, wani ya shigo da sunan taimako, ya yi shekaru yana neman yarda, sannan ya dasa ƙofar sata, sai da injiniya Andres Freund ya lura da jinkirin rabin daƙiƙa kafin asiri ya tonu. Buɗewar ce ta sa aka kama shi, gaskiya ne, amma ƙarancin hannaye ne ya ba shi hanya. Duk sabon ƙunshin da aka ƙara ba tare da sabon hannu ba, nauyi ne a kan waɗanda tuni suka rankwafa.

Wannan suka ba ta rushe buƙatar ba, ta dai nuna wanda ya kamata ya biya ta. A ƙauye, wanda ke son gayya ta zo gonarsa an san shi da fartanya a gonar wasu, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Don haka abin da ya dace ya fito daga Zariya da Katsina da Dutsinma da Kano shi ne takardar niyya, ba ta roƙo kaɗai ba. Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Ba ya buƙatar madubin miliyoyi ko firiji, kwamfutar cinya ce da haƙuri da iya karanta saƙon kuskure, kuma tawagar Debian Med na da al'adar ɗaukar sabon shiga ta koya masa har ya tura ƙunshinsa na farko. Masu cewa matasanmu ba sa aikin sa-kai su dubi Wikipedia ta Hausa, su dubi HausaNLP da ke tara bayanan harshe tana sakinsu a buɗe, su dubi ƙungiyar Open Source Community Africa da aka kafa a Nijeriya a 2018. Hanyar sadarwar H3ABioNet, da aka fara a 2012 ana jagorantarta daga Jami'ar Kef Tawun, ta riga ta nuna cewa ana iya koyar da ilimin lissafin halitta a azuzuwa da dama a faɗin Afirka lokaci guda. Sharaɗin da zan gindaya biyu ne. Kada a kwaso komai: a zaɓi manhaja ɗaya ko biyu da masu ita ke raye suna amsa saƙo, lasisinta a fili, tana karanta SBML, wadda kuma akwai kwas ɗin da zai yi amfani da ita. Sannan kada a jingina aikin ga ɗalibi ɗaya, a jingina shi ga sashe.

Za a ce wanda ya ƙware a wannan aiki ba zai zauna ba, kamfani a Legas ko Turai zai ɗauke shi. Zai iya yiwuwa, kuma ba na ganin laifinsa. Amma kula da ƙunshi na daga cikin 'yan ayyukan da tafiya ba ta yanke su, domin daga ko'ina ake yinsu, kuma komai a rubuce yake a fili, magaji na iya ɗorawa daga inda aka tsaya. Abin da ke kashe irin wannan aiki a jami'o'inmu ba hijira ba ce, ma'aunin ƙarin girma ne. Malamin da ya yi wata uku yana gyara ƙunshin da ɗalibai dubu za su mora ba shi da maki ko ɗaya a takardar kwamiti, na kusa da shi da ya biya kuɗi aka buga masa muƙala a mujallar da ba mai karantawa kuwa ya haye. Muddin haka ma'aunin yake, mai hankali ba zai taɓa aikin ba, kuma za mu ci gaba da aika roƙo muna jiran wani Bajamushe ya sami hutun ƙarshen mako. Gyaran ba ya buƙatar doka daga Abuja; majalisar kowace jami'a na da ikon cewa ƙunshin da ya tsallake tacewar Debian ya cancanci maki, kuma tallafin binciken cikin gida na TETFund ya isa ya ɗauki nauyin faifai da batir da ɗan alawus na mutum biyu. Saboda haka, malamaina shugabannin sassan nazarin sinadaran rai da na kimiyyar kwamfuta, Allah ya ƙara muku lafiya, ku zauna tare a zangon karatu mai zuwa, ku zaɓi manhaja ɗaya, ku ba ɗalibai biyu da malami ɗaya amanarta, a shigar da takardar niyya da sunan sashenku.